Shekarar da Na Rubuta Sunan Surukina

Ku 'ya'yana kun buɗe ido kun tarar kakanku, mahaifin mamarku, ba ya yi mini magana sai da Turanci, ni ma da shi nake amsa masa, kuka ɗauka ado ne. Kwanan baya na ji Nana tana ba 'ya'yanta labari a tsakar gida, wai kakanta da babanta manyan 'yan boko ne, ko barka da Sallah da Turanci suke yi wa juna. Na yi dariya a lokacin, amma da na koma ɗaki abin ya tsaya mini a rai. Ba ado ba ne, Nana. Shekara da shekaru mutumin nan yana yi mini Hausa, Hausa mai daɗi irin ta mutanen Gumel, da zolaya da karin magana, kafin wata shekara ta zo ta raba ni da ita. Labarin wannan shekara nake so in ba ku tun ina da sauran numfashi, don kada ku bar wa jikokina abin da ba shi ne ya faru ba. Malam zan riƙa ce masa kamar yadda na saba. Sunansa ba zai fito a nan ba, domin wannan littafi da Hausa nake rubuta shi.

Kafin ya zama surukina, malamina ne. Ni ɗan ƙauye ne daga gefen Sule Tankarkar, ubana Bahaushe manomi, uwata Bafillatana, saboda haka na taso da Fillanci a ɗakin Inna, Hausa a zaure da kasuwa, da ɗan Larabcin allo. Turanci shi ya zo a ƙarshe, kuma da bulala ya zo, don a makarantarmu duk wanda aka kama yana Hausa sai jikinsa ya gaya masa. Da na kai jami'a na faɗa hannun Malam, wanda yake koyar da ilimin ƙasar noma, ya ja ni a jiki don ya ji daga yankinsu nake. Yana da wata magana da ba ya gajiya da maimaita mana.

"Kimiyya ba ta jin Hausa," haka yake cewa. "Hausa harshen zumunci ne, ba ta son ɓata wa kowa rai. In za ka auna ƙasa, ka yi tunani da Turanci. In da hali ma ka yi mafarki da shi."

Abin dariyar shi ne da Hausa yake gaya mana wannan, kuma babu wanda ya taɓa lura a cikinmu. Ni kuwa na haɗiye maganar gaba ɗaya. Na yi shekaru in na farka da safe sai in tsaya in binciki mafarkina, in ji da wane harshe aka yi shi, kuma kullum sai in tarar Inna ce take kiran maraƙi da Fillanci. Sai in ce a raina, Idi, da sauranka. Daga baya na auri 'yarsa Rabi, ita ta zaɓa, shi ya sa albarka, sai nauyin da nake ji nasa ya ninka. Tun daga bakin titi nake cire takalmi, ba na cin abinci a gabansa, ba na haɗa ido da shi. Shi kuma ya samu abin wasa, ya ce wa baƙinsa ga Bafillacen da ya sace masa 'ya bai bar ko saniya ɗaya ba. Da ya yi ritaya ya dawo Gumel, ni ma aiki ya kawo ni wata kwaleji a nan, kusan kullum bayan la'asar ina zaurensa muna hira.

To, Malam yana da wata takarda da ya wallafa tun yana matashi, ita ta ɗaga sunansa. A cikinta ya nuna cewa sabarar da ke tsirowa a gonakinmu kishirwa take sa wa gero, tana shanye ɗan ruwan da ke ƙasa, don haka sassabe kawai bai isa ba, a tumɓuke ta har saiwa. Da wannan ake koyar da malaman gona, ni kaina na koyar da shi a aji babu ko tantama. Wanda ya fara sa mini shakka wani abokin aiki ne daga ƙetaren iyaka, Lawali, mutumin Damagaram, wanda muka haɗu da shi a wani taro. Shi da Faransanci ya yi karatu, Turancinsa na lallaɓawa ne, ni kuma Faransancina bai wuce na sayen burodi ba. Hausa ce kaɗai ta haɗa mu. Muka shirya mu auna danshin ƙasa a gindin sabara da nesa da ita, ni a gonakin Gagarawa da na wajen garinmu, shi a nasu ɓangaren, mu riƙa haɗuwa ranar kasuwar Maigatari mu gwada abin da muka samu.

Ina ma a ce kun ga ofishinmu. Rumfar wani mai shayi ce kusa da kara inda ake cinikin dabbobi, raƙuma na kuka a bayanmu, manyan motoci na tayar da ƙura a gabanmu, 'yan acaɓa na ta hon. Lawali ya baje takardunsa da Faransanci, ni na baje nawa da Turanci, sannan mu kama musu da Hausa har mai shayi ya ce mu rage murya kada a ɗauka rikicin dillalai ne. A nan na fara mamakin wani abu. Malam ya ce kimiyya ba ta jin Hausa, amma ga mu muna rarrabe saiwa da danshi da yashi da Hausa, inda kalma ta gagara mu ara mu wuce, kuma ban taɓa jin kaina ya yi aiki irin na wannan rumfa ba. Lawali ma da tasa aƙidar, don kowa da inda aka ɗaure shi.

"Faransanci na tunani ne," in ji shi, "Turanci na talla ne, Hausa ta faɗa ce. Walaa! Mu yi faɗan a nan, ni in je buro, ofis in ji ku, in yi tunanin, kai ka kai kasuwa ka sayar."

Na ce masa, "To Fillanci fa?"

Ya ce, "Wannan na ɓoye dukiya ne."

Damina bayan damina abu ɗaya muke gani. In ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, geron da ke kusa da sabara shi yake daɗewa bai yi yaushi ba, kuma da sassafe ƙasar gindinta ta fi danshi. Mun sake awo, mun sauya gonaki, mun zargi na'urarmu mun aro wata, amsa ba ta sauya ba. Ranar da na tabbatar, farin ciki da faɗuwar gaba suka zo mini tare. Farin ciki don mun gano wani abu da zai amfani manomi, faɗuwar gaba don abin da muka gano ya ci karo da takardar Malam gaba da gaba. Ban gaya masa ba. Na ci gaba da zuwa zaure, in ya tambaye ni aikin Maigatari in ce ana nan ana fama.

Rubutu ya faɗo kaina tunda ni ne mai Turanci. Na zauna na tsara takarda da iyakar ƙoƙarina, muka aika wa wata mujallar kimiyya a ƙasar waje. Ta dawo. Masu tacewa suka ce aikin da alama mai kyau ne, amma sun karanta har ƙarshe ba su gane abin da muke cewa mun gano ba, a nemi wanda ya iya Turanci ya duba. Wannan magana ta ƙona mini rai ƙwarai, don ta taɓa inda yake mini ciwo tun ina yaro. Na ce shi ke nan, Turancin ne ya gaza, Fillancin Inna da Hausar zaure sun yi mini katutu a ka. Na kai wa wani malamin Turanci a kwalejinmu ya goge ta tsaf, na sayi littattafan koyon rubutu, na daina sauraron labaran Hausa a rediyo, har mamarku ta fara tambaya ko lafiya. Muka aika wa wata mujallar. Ita ma ta dawo da kusan magana iri ɗaya.

Ranar kasuwa na je Maigatari jiki a sanyaye. Lawali ya karɓi takardar yana bi da yatsa yana motsa baki, can ya ture mini ita.

"Turancin nan naka ya fi ƙarfina. Buɗe inda ka yi maganar aikin tsohon, ka mayar mini da shi Hausa yadda ka rubuta. Kada ka gyara komai."

Na fara. Na ce, magabata masu daraja a wannan fanni sun yi aiki mai zurfi wanda ba za a iya biyansu ba. Na ce, mai yiwuwa ne a wasu wurare, a wasu lokuta, a ga abin da ya ɗan sha bamban da abin da aka sani. Na ce, wannan ba ya rage komai daga abin da aka riga aka kafa, sai dai ya ƙara masa haske. Ban kai ƙarshe ba Lawali ya fashe da dariya har shayi ya sarƙe shi.

"Idi, wannan ai ba takardar kimiyya ba ce, gaisuwar surukai ce! Ka cire takalmi tun daga shafin farko, ka durƙusa, ka yi ina gajiya, ka yi ina iyali, har takarda ta ƙare ba ka faɗi abin da ya kawo ka ba. Ina sunan mutumin ma? Su wane ne magabata? Nasara ya ce bai gane Turancinka ba, ai gaskiyarsa. Kalmomin nasa ne, amma kunyar taka ce."

Na sake duba shafin. Wallahi ban taɓa ganin abin ta nan ba. Kowace jimla daidai take, malamin Turanci bai bar ko ɗigo a karkace ba, amma duk takardar a durƙushe take. A al'adar waɗannan mujallu, in ka saɓa wa wani sai ka kira sunansa tsirara, babu Malam babu Alhaji, ka sa shekarar da ya yi rubutun, ka ce abin da ya faɗa bai tsaya ba, ga dalili. Na karanta irin wannan sau ba adadi ban ji komai ba, na ma rubuta shi a kan Turawan da ban sani ba. Amma da aka zo kan Malam sai hannuna ya riƙa kewayewa da kansa, ni kuma ina ta zargin nahawu. A mota a hanyar komawa Gumel tambaya ɗaya ta riƙa yi mini yawo a ka: shin harshe ne yake da kunya, ko mutum ne yake ɗaukar kunyarsa ya shiga da ita duk harshen da ya je?

Lawali mutumin kirki ne, ya kawo mafita. Ya ce a cire sunana, ya fitar da takardar shi kaɗai, ko kuma shi ya rubuta wannan sashe da gurguwar Turancinsa a ce shi ya yi. Na kawo wa mamarku maganar tana tankaɗen gari a tsakar gida. Ta saurare ni har na gama ba ta ɗago ba.

"Baban Nana, Baba shi ya koya maka rubutu. Ko da ƙafa ka rubuta zai gane naka ne. In ka ɓuya a bayan Lawali, ka yi masa laifi biyu."

Na ce, "To in bar takardar gaba ɗaya? A bar kaza cikin gashinta."

"Gaskiya ce abin da kuka gano ko ba gaskiya ba ce?"

"Gaskiya ce."

"Kuma har gobe ana gaya wa mutane su tumɓuke?"

"Ana gaya musu. Ni ma bara na gaya wa ɗalibaina."

Ta ajiye rariya ta kakkaɓe hannu. "To ni ba zan ce maka yi ba, ba zan ce maka bari ba, don ubana ne. Abu ɗaya na sani. Kada ya gani a takarda kafin ya ji daga bakinka. Kuma ka sani Baba ba ya tsoron gaskiya, amma bai saba jin ta daga ƙasa ba."

Na yi kwanaki ina juya maganar. In na bari, na ci amanar aikin da Malam da kansa ya koya mini, na kuma ci amanar Lawali da ya sha rana tare da ni. In na yi, ban san abin da zai rage tsakanina da mutumin da ya ɗauke ni tamkar ɗa ba. Na zauna na sake rubuta sashen. Na buga sunansa a kwamfuta, sunan da bakina bai taɓa furtawa ba tun ranar ɗaurin aure, na bi shi da cewa abin da muka auna bai goyi bayan abin da ya faɗa ba. Jimla biyu ce kacal ta maye gurbin shafi guda. Na duba hagu da dama kamar wani ya gan ni, alhali ni kaɗai ne a ofis.

Washegari bayan la'asar na tafi zaure da takardar a aljihun babbar riga. Na tarar da shi a kan buzunsa shi kaɗai, yana cikin nishaɗi, har ya tsokane ni wai na rame ko Rabi ta fara yi mini horon yunwa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce na zo da wata 'yar magana. Daga nan na shiga kewaye. Na ce Malam ya san aikin nan na Maigatari. Na ce komai muka sani a wurinsa muka koya. Na ce ƙasa dai sai Allah, wani lokaci takan nuna wani abu daban. Ina jin kaina ina maimaita takardar da aka dawo mana da ita kalma bayan kalma, amma na kasa fita. Na nemi yadda zan ce masa ya yi kuskure da Hausa, na rasa. Kalmomin suna nan, yaro ma ya san su, amma babu wadda za ta bi ta bakin suruki ta fito.

"Kai, wai me kake son faɗa ne?" in ji Malam. "Tun ɗazu kake zagaye gida ka ƙi shigowa. Bashi ka ci?"

Ban san lokacin da na juya harshe ba. Na ɗago kai na dube shi, da Turanci na ce masa, ranka ya daɗe, abin da ka rubuta a kan sabara ba daidai ba ne, mun auna, ga shaida. Cikin sauƙi maganar ta fita, har na tsorata da sauƙin.

Ya kalle ni. Sannan ya miƙo hannu, shi ma da Turanci ya ce in ba shi ya gani. Ya sa tabarau ya karanta, na ga idonsa ya tsaya a kan sunansa, ya ɗan daɗe a wurin, ya wuce. Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Malam ya gyara zama ya hau ni da tambayoyi. Zurfin nawa muka haƙa? Ta yaya muka san ba inuwa ce kawai take rage zafin ƙasa ba? Me ya sa ba mu gwada inda aka sare sabarar aka bar saiwar ba? Na amsa wasu, na kasa amsa wasu. Na musa masa, ya musa mini, na katse shi a tsakiyar magana, abin da ko a mafarki ban taɓa yi ba. Fuskarsa ta yi haske, ya koma Malam na aji. Ya nuna mini wurare biyu da hujjarmu ta yi rauni, kuma gaskiyarsa, gyaran da ya sa muka yi shi ya tsayar da takardar da ƙafafunta. A ƙarshe ya ce, a kan babbar maganar mun fi shi gaskiya, mu aika.

Aka kira magariba. Na ji sanyi a raina, na ce ashe tsoron banza na yi ta ji. Na koma na durƙusa, na sunkuyar da kai, na ce da Hausa, "Malam, a yi mini aikin gafara in na yi rashin kunya."

Ya naɗe tabarau ya sa a aljihu. Da Turanci ya ce mini babu abin gafartawa, aiki ne mai kyau, Dakta, sai da safe.

Bai taɓa ce mini Dakta ba sai ranar. Na ɗauka zafin musu ne bai sake shi ba, gobe zai dawo daidai. Gobe ta zo, na gaishe shi da Hausa, ya amsa da Turanci. Jibi ma haka. Takarda ta fita, aka karɓe ta, har mutanen da ban sani ba suka riƙa rubuto mini, Malam ya taya ni murna da Turanci mai kyau. Bai taɓa ɗaure mini fuska ba, bai hana ni zaure ba, ya ma fi sakin jiki da ni a kan maganar aiki fiye da da. Amma zolaya ta ƙare, karin magana ya ƙare. Ina zaune zai juya ya yi wa mai kawo masa itace Hausa, ya yi wa jikokinsa, ya yi wa akuyar da ta leƙo zaure, sannan ya juyo gare ni ya sauya harshe. Ranar da Inna ta rasu ya zo har ƙauyenmu, ya zauna a kan tabarma cikin dattawa, ya yi wa kowa gaisuwa yadda ake yi, ni kuma ya riƙe hannuna ya yi mini ta'aziyyar uwata da Turanci. Wannan ta yi mini ciwo fiye da yadda zan iya rubutawa, na shiga bayan ɗaki na yi kuka biyu a haɗe.

Na roƙi mamarku ta tambaye shi. Ta je ta dawo, ta ce amsa ɗaya ya ba ta.

"Shi ya zaɓi ƙofar da zai shigo. Ni ban kore shi ba."

Shekarun da suka biyo baya na yi su ina nazarin wannan magana fiye da yadda na yi nazarin sabara. Lawali ya ce girmamawa ce, tsohon ya ɗaga ni ya zaunar da ni kusa da shi, kuma a wurinsa ba a zama kafaɗa da kafaɗa sai da Turanci. Mamarku ta ce a'a, kare ni yake yi. Ta ce muddin da Turanci muke, ni abokin aiki ne da ya faɗi gaskiya, amma ranar da ya koma Hausa dole ya tuna surukinsa ne ya dube shi ido cikin ido ya ƙaryata shi, kuma dole ya yi fushi, shi kuwa ba ya so. Ni kuma wani lokaci sai in ga kamar gardama ce yake ci gaba da yi da ni a kan tsohuwar maganarsa. Ya ce kimiyya ba ta jin Hausa, na zo da labarin rumfar Maigatari ina ganin na ƙaryata shi, amma da aka zo wurin faɗar gaskiya mai ɗaci, da wane harshe na faɗe ta? An kayar da shi a kan sabara, amma ya ci wannan. Har yau ban yanke wanda ya fi gaskiya a cikinmu ba, kuma ban yi nadamar takardar ba. Da za a sake, zan sake rubuta sunan. Sai dai na yi ta tambayar kaina ko da na daure na faɗa masa da Hausa, ko da bakina zai yi jini, da wace ƙofa zan samu a buɗe.

Sauran labarin kun san wani ɓangare nasa, don kun yi wayo lokacin da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Da aka sallamo shi daga asibiti magana ta dawo masa kaɗan kaɗan, amma Hausa kaɗai ta dawo. Turancin da ya yi rayuwarsa yana taƙama da shi ya tafi, ko gaisuwa ba ta rage ba. Likita ya ce akan ga haka. Kowa ya yi hamdala, ni kaɗai na shiga wani hali, na yi kwanaki ina kai mamarku ƙofar gida in tsaya a mota, ina cewa kada in dame shi. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Mutumin da ba shi da harshen da zai yi mini magana sai wanda ya hana ni, in na shiga me zai yi? Ina gudun ya juya fuska bango a gaban 'ya'yansa. Mamarku ce ta gaji, wata ranar Juma'a bayan an sauko ta buɗe ƙofar motar ta ce in fito, ba ta haifi 'ya'yanta da matsoraci ba.

Na shiga na durƙusa a bakin gado na gaishe shi. Ya juyo da kai ya gan ni. Na ga bakinsa ya fara motsi, yana lalube, goshinsa ya tattare, gumi ya tsattsafo masa. Turancin yake nema. Ya nema, ya nema, har na ji kamar in tashi in fita don in hutar da shi. Can ya saki numfashi ya rufe ido. Ko yafewa ya yi, ko gajiya ce kawai ta kayar da shi, wannan ban sani ba, kuma bai yi tsawon kwanan da zan tambaye shi ba. Da ya buɗe ido sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya yafito ni.

"Kai Idi, kana zaune kana kallona wuyana zai karye? Matso ka gyara mini matashin nan."

Na matsa na sa hannu a bayan kansa na gyara, hawaye na zuba a kan rigarsa. Ya ce bai yi ba, wane irin aiki ne wannan, in ƙara ɗagawa. Na ƙara.